Kwandon Gidan Rustam

Barakcan,
bayan girbin sha'ir.

Zuwa ga Uban Nargis,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, yaya aiki, yaya zafin Karaci? Ina fata ƙafar da kake kuka da ita ta yi sauƙi. Mu nan alhamdu lillahi. Ata, mahaifinka, yana gaishe ka, Nargis ma tana gaishe ka. To, na sauke gaisuwa tunda haƙƙinka ce. Sauran kuma ka gyara zama.

Na gaji da hawa rufin makaranta ina ɗaga waya sama, in ta shiga kuma ka ce layi ba kyau. Takarda dai ba ta san layi ba kyau ba. Skandar direba zai kai ta Skardu ya sa ta a hanya.

Sha'ir ɗin bana abin kunya ne, ko awaki sai da suka raina karansa. Dusar ƙanƙarar da ya kamata ta zuba a tsakiyar sanyi ta kwanta ta ƙi zuwa, sai da itatuwa suka yi fure ta faɗo ta kashe furen, rana kuma ta lashe ta nan da nan. Lokacin shuka kwari ƙayau, ba ɗigo. Da zafi ya yi zafi sai ga ruwa a lokaci guda, baƙi ƙirin da duwatsu, ya cinye magudanar sama ya wuce abinsa. Tuffar da marigayiya uwarka ta dasa ta bushe ta gefe ɗaya. Ni nake ɗauko mata ruwa a jarka daga kogi, kuma ka san nisan.

Mutanen gari sun zauna sun yanke cewa in sanyi ya kawo kai za a ɗaura auren ƙanƙara. Kada ka ce mini ka manta, kai da ka tashi kana jin labarin a bakin ubanka. Za a saro namijin ƙanƙara, mai duhun nan da tsakuwa ta lulluɓe, daga kwarin gabas. Za a saro macen, fara mai ruwa, daga bayan dutse. A goyo su a kwanduna zuwa kogon da rana ba ta leƙawa, a haɗa su, a rufe da gawayi da ƙaiƙayi, su haifa mana tamu ƙanƙarar. Ba a ajiye kwando a ƙasa, ba a waiwaye, ba a magana har a rufe kogo. Duk garin nan Ata ne kaɗai ya taɓa ganin an yi, tun yana saurayi, saboda haka shi zai nuna hanya.

Ga inda maganar ta shafe ka. Kowane gida namiji ɗaya ne zai goyi kwando. Gidan da bai goya ba, ba shi da rabo a ruwan, shi da jikokinsa. Ba a karɓar ɗan haya. Na ce wa mai gari ni zan goya, ai bayana ya saba da jarka. Ya yi dariya har da buga cinya, ya ce mace ko kallo ba ta yi. Na ce masa amma in ruwan ya zo mace ce za ta shiga taɓo ta raba shi. Ya ce in je in rubuta wa mijina.

Ga shi na rubuta. Maza biyu ne a gidan Rustam: kai, da tsohon da sai an yi masa ihu a kunne yake jin sallama. Ka nemi hutu a otal ɗin nan ka zo.

Ka huta lafiya.
Matarka,
Marziya.

*

Barakcan,
farkon sanyi.

Zuwa ga Uban Nargis,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, yaya jiki, yaya abokan aiki? Allah ya sa kana cikin ƙoshin lafiya. Mu ma lafiya, sai tarin Nargis, shi ma da sauƙi.

Saƙonka ya iso, an gode. Na aika a kira mini namiji, an kawo mini mayafi da ɗan akwati. Mayafin yana da kyau. Zan rufa wa tuffa ko ta ji sanyi-sanyi.

Na karanta inda ka ce camfi ne, wai ƙanƙara ba ta aure, wai wani baƙo mai ilimi da ka kai wa shayi ya ce duwatsun ƙanƙarar duniya duka suna narkewa, kwandonmu ba zai hana komai ba. Sannu, malam. Ka ji na ce maka na san za ta haihu? Ni ban sani ba. Abin da na sani shi ne ranar da za a raba ruwa, ko na kogo ne ko na sama, za a tsallake gonarmu a ce gidan nan bai goya ba. Ka kuma ce mu tattara mu dawo Karaci. Ɗakin da kuke kwana kamar ashana a kwali, nan za ka sa ubanka? Ka zo ka faɗa masa da bakinka ya bar kabarin uwarka.

Na'urar kunnen da ke cikin akwatin kuwa, wallahi ka san inda za ka taɓa tsoho. Tun da Nargis ta maƙala masa ita yake yawo kamar yaro da sabon takalmi. Ya ce ashe har yanzu kaji suna kuka. Ya ce ashe haka muryata take da kaifi, ya yafe maka gudun da ka yi. A masallaci kowa sai ya nuna masa, yana cewa ɗansa Fida ne ya aiko daga birni. Ni ban gaya masa ba ka zuwa ba, amma ba yaro ba ne. Ya juya akwatin, ya leƙa cikinsa, ya ce wanda zai zo ba ya aiko da kaya a gabansa. Washegari na tarar ya zuba duwatsu a kwando yana zagaya gida da shi, wai yana tuna wa bayansa. Na ƙwace, ya ɗaga mini sanda. Ni da ban taɓa jin ya daka mini tsawa ba tun da aka kawo ni gidan nan.

Sa'an nan ga sama ta sake yi mana abin da ta saba. Dusar ƙanƙarar da muka yi ta roƙo bara ta zo bana tun ba a gama kwashe dankali ba, mai nauyi, jiƙaƙƙiya, ta danne duwatsu. Bayanta kuma rana ta buɗe kamar bazara, har indararo yana zuba. Hanyar kogon ta ƙarƙashin Farin Gangare take bi. Na ce wa Ata ko a ɗaga tafiyar sai ta daskare. Ya ce tun da aka haife shi Farin Gangare bai taɓa zaftarowa ba sai a ƙarshen sanyi, kuma ubansa ma haka ya faɗa masa. Na ce Ata, ai tun da aka haife ka ba ka taɓa ganin indararo yana zuba a wannan wata ba. Ya zare na'urar daga kunnensa ya sa a aljihu. Ka ga wani amfanin kyautarka.

Jiya ya tara masu goyo a bakin masallaci, muna jiyo shi daga cikin gida. Ya ce musu: “Wanda ya buɗe baki a hanya, ko da gidansa ya hango yana ci da wuta, ya kashe auren, ya kashe garin. Ni da kaina zan tsine masa.” Baƙir maƙwabcinmu, wanda bakinsa ba ya hutawa ko a jana'iza, ya ce shi kam sai dai a ɗaure masa haɓa da rawani. Aka yi ta dariya.

Ni ban yi dariya ba. In ka hau mota ranar da takardar nan ta same ka, za ka riske su. Kowa ya ƙi ji ba ya ƙi gani ba.

Wassalam.
Marziya.

*

Barakcan.

Uban Nargis,

Salamu alaikum, da fatan kana lafiya. Skandar zai tashi yanzu, a tsaye nake rubutu.

An saro ƙanƙarar duka biyu, ana ta miƙa ta daga baya zuwa baya, gobe za a haura da ita. Yau motoci biyu suka shigo gari. Duk wadda ta tsaya sai Ata ya fita ƙofa wai yana duba awaki. Awaki suna bayan gida.

Na ɗinka masa tsumma a igiyar kwandon don kada ta yanke masa kafaɗa. Abin da matarka ta iya ke nan. Kai kuma Allah ya ba ka abokan ciniki masu son shayi.

Marziya.

*

Barakcan,
bayan sadakar bakwai.

Zuwa ga Fida ɗan Rustam,

Assalamu alaikum. Yaya haƙuri? Ina fata kana lafiya, kana ci kana sha. Nargis lafiyarta ƙalau, sai dai ta daina tambayar yaushe za ka zo.

Liman ya ce ya same ka a waya, kuma a ranar layi ya yi kyau. Ya ce ka yi kuka sosai, ka ce za ka zo arba'in. Ya gaya maka an rasu, amma bai gaya maka yadda aka yi ba, don yana da kunya. Ni ba ni da ita.

Da safen ranar tafiyar na dafa wa Ata shayin gishiri da man shanu, ya sha, ya yi addu'a. A bakin ƙofa ya zare na'urar ya ɗora a kan kantar ɗaki kusa da fitila. Na ce Ata, ka manta kunnenka. Ya ce: “Yau ba mai magana, me zan ji? Kada ta jiƙe, yaron ya sha wahala kafin ya saya.” Maganarsa ta ƙarshe ke nan a duniya, kuma a kanka ta ƙare.

Sauran labarin Baƙir ne ya ba ni, yana zaune a ƙofar gidanmu yana kuka da majina. Shi ne yake bin bayan Ata. Ya ce da hantsi rana ta yi zafi har ƙanƙarar tana zuba a gadon bayansu. Suna tsakiyar Farin Gangare sai suka ji ƙara daga sama, kamar an tsaga katako. Kowa ya ji. Kowa ya ɗaga kai ya ga dusar ta tsage ta taho. Suka ja da baya a guje zuwa gindin wani dutse, kwanduna a baya. Ata yana gaba da 'yar tazara, kansa a sunkuye, yana tafiyarsa. Bai ji ba, kuma ba a waiwaye.

Baƙir ya rantse mini akwai lokaci. Ya ce da an ƙwala masa kira irin wanda muke yi masa a gida, da ya juyo, dutsen ba nisa. Ya ce ya buɗe baki, sunan yana kan harshensa, sai ya tuna tsinuwar, ya dubi na kusa da shi ko shi zai fara. Na kusa da shi ma shi yake duba. Wani ya jefa tsakuwa, ba ta kai ba. Maza cike da hanya, masu gemu, masu 'ya'ya, suka tsaya suna ɗaga hannu ga mutumin da ya ba su baya. Na ce wa Baƙir, kai da ba ka taɓa yin shiru a jana'izar kowa ba, sai ranar nan ka koya? Tashi ka bar mini ƙofa.

Da hannu suka tone shi, bakinsu a rufe. Rub da ciki suka same shi, kwandon yana bayansa, ƙanƙarar ba ta taɓa ƙasa ba. Ka san abin da suka yi? Suka kwance kwandon, wani ya goya a kan nasa, rabinsu suka wuce kogo suka gama aikin. Rabin suka sauko da shi, ba salati, ba kabbara, sai da aka ɗaga musu tuta daga sama cewa an rufe kogo. Muna kan rufi muna kallon mutane suna tahowa da abu a kafaɗa shiru, ba mu san na wane gida ba ne sai da suka karyo kwanar gonarmu.

Ban yafe wa ko ɗayansu ba. Shi ma tsohon, Allah ya ji ƙansa, ina fushi da taurin kansa, in na tuna sai in rasa inda zan sa kaina. Amma su tsoro ya kama su, shi kuma dutsen da ya sani ne ya canza masa hali. Kai fa? Kwandon nan naka ne. Da kai ne a ƙarƙashinsa, da kunnenka ya ji ƙarar, da ƙafarka ta kai ka gindin dutse, da Ata yana zaune a gida yana sauraron kajinsa.

Mai gari ya zo ta'aziyya ya ce in kwantar da hankalina, gidan Rustam ya goya, rabonmu ya tabbata har jikoki. Ya ce in Allah ya so, kafin Nargis ta yi 'ya'ya ruwan zai sauko. Na ce na gode. Saboda haka gonarka ta samu ruwa, Fida, ba ka ɗaga ko tsinke ba. In ka zo arba'in ka sauka a gidan liman, a nan baƙi suke sauka.

Ka buɗe ƙullin da ke cikin takardar nan a hankali. Na'urar ce. Ba ta jiƙe ba, yadda ya so. Na duba garin nan kaf ban ga mai buƙatarta kamarka ba.

Wassalam.
Marziya, surukar Rustam.