Guguwar Gwaggo Talatu

Assalamu alaikum, Yaya Sani.

Bayan gaisuwa mai yawa, ya aikin jirgin ruwa, ya gajiya, ya kewar gida? Mu nan Kabo kowa lafiya, gero ya fara fitar da kai.

Yaya, ga labari! Na faɗa wa ɗalibaina cewa babbar guguwa ba kasafai take tashi a tekun da kuke bi ba, sai muka ƙaga shekarar da za ta yi ta tasowa. Alli ya ƙare mana, da gawayi muka zana taswira a bango. Da suka ji akan raɗa wa guguwa suna, suka sa wa mafi ƙarfi Talatu, don kowa ya san faɗan Gwaggo. Ban taɓa ganin aji ya ɗau zafi haka ba! Samari ma, tunda an rufe gidan kallo, ta taga suke leƙe.

Jiya Inna ta shigo a gigice: "Habu, an ce Talatu za ta kifar da jirgin Sani!" Na rantse mata ƙage ne. Ta ce, "Kai ka zana da hannunka, ka ce ƙage?" Ta toya waina ta raba sadaka. Gwaggo kuwa sai taƙama, wai sunanta ya kai teku.

Don Allah aiko kaset Inna ta ji muryarka. Gai da abokan aiki, a sa mu a addu'a. Inna ta ce in Talatu ta taso kar ka tanka mata, haka ake zama lafiya da ita.

Ƙaninka,
Habu