Ranar da Inna Ta Kira Sunanka

Zuwa ga yayana Haruna, a duk inda wannan wasiƙa ta same ka.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana cikin ƙoshin lafiya. Na rubuta haka ne don da shi aka koya mana buɗe wasiƙa a lakwal, wato makarantar boko, amma gaskiya ban san ko kana da rai ba. Damina huɗu ke nan da ka bar Matankari zuwa wurin haƙar zinariya can bayan Agadas, kuma tun kira biyu da ka yi a watan farko lambarka ba ta sake shiga ba. Ba ni da inda zan aika maka, shi ya sa na ajiye ta nan inda kowa zai gani, ko Allah zai sa wani ya san wanda ya san ka.

Na yi wani laifi, Yaya, kuma kai ya kamata ka fara jin sa daga bakina. Na tayar da babur ɗinka.

Ka san inda ka jingine shi, jikin rumbu. Nan ya zauna har tayoyin suka tsage, kaji suka mayar da ƙarƙashinsa wurin ƙwai. Bayan girbin bana Kawu ya kawo masu sayen tsohon ƙarfe su ɗauke shi. Kawun nan dai, wanda tun shekara ta biyu yake cewa a tara malamai a yi maka sadaka a huta, Inna tana hana shi. Kullum amsarta ɗaya ce, ba a yi wa mai rai sadakar mutuwa. Da na ga mutanen suna ɗaga baburin suna gwada nauyinsa sai raina ya ɓaci, na ce kowa ya sauke hannunsa, ni zan gyara.

Na san da kana nan da ka yi dariya har ka riƙe ciki. Ni tela ne, ƙarfen da na sani shi ne keken ɗinki. Ko sifana na ɗauko maka sai ka ce, "Kai da allura taka, mi ka sani ga ƙarhe?" To, wata uku na yi ina koyon abin da ban sani ba. Na shimfiɗa tsohon buhu a gindin itacen bedi na tsakar gida, na kwance injin ɗaya bayan ɗaya, kowane noti da ƙusa na sa shi a gwangwanin tumatir na ɗaura masa ƙyalle mai launi don kada in manta inda ya fito. Tankin ya yi tsatsa, na zuba masa tsakuwa da kalanzir na yi ta girgizawa kwana biyu har kafaɗuna suka ƙage. Duk Juma'a ina kasuwar Dogon Dutsi neman sarƙa ko buji, wato filogi, ko waya. Sau biyu ina haɗa injin, sau biyu ina samun ragowar noti a gwangwani, in sake kwancewa ina zagin kaina da zaginka.

Inda na fi ka shi ne sirdi. Na ɗinka masa sabuwar riga ta jar fata, da geza a gefe, na yi wa tankin fenti kore. Tsohon salansanka kaɗai na bari. Bakaniken da nake tambaya a Dutsi ya ce in jefar, ya huje. Ban gaya masa kai ka huda shi da ƙusa wuri uku da gangan ba, don Inna ta jiyo ka tun daga bakin gari ta fara dama fura. Babu babur mai irin wannan ƙara a garin nan. Na ce a raina, ran da ka dawo ka tarar da muryar abinka yadda ka bar ta.

Inna ba ta san abin da nake yi ba. Idanunta sun yi yana sosai bayan tafiyarka, inuwa kawai take gani. Tana jin ƙwanƙwasa, ta ɗauka keken ɗinki nake gyarawa, ni kuma na yi shiru don ina son in ba ta mamaki. Wautata ke nan. Mutum mai shekara talatin da 'ya'ya biyu, ban tsaya na yi tunanin abin da wannan ƙara zai zama a kunnen tsohuwar da ke shimfiɗa tabarma a bakin ƙofa kowace la'asar tana sauraron hanya ba.

Ka tuna, kai ne ɗan fari, kuma Inna ba ta taɓa faɗin sunanka ba. "Wanga yaro" take cewa, ko "mai baburin can". Ko zazzaɓi ya kwantar da kai, ni take aikowa da kunu, ita ta tsaya daga nesa kamar ba ruwanta. Ka taɓa ce mini a gona, kana dariya amma ba dariyar daɗi ba, kana son ka ji yadda sunanka yake a bakinta ko sau ɗaya.

Ranar Litinin da ta wuce, bayan azahar, na tura baburin zuwa bayan gida don kada hayaƙi ya dame ta. Na taka sau bakwai, a na takwas ya kama. Murna ta ɗebe ni, na hau, na zagayo ta ƙofar gida ina murza mai.

Sai ga Inna ta fito a guje, ba takalmi, ba mayafi, hannuwanta a gaba tana laluben iska. Kawu yana zaune a dakali da maƙwabta biyu. A gabansu duka ta ɗaga murya ta kira ka. Haruna, Haruna, har sau uku. Ta iso ta kama hannuna a kan kan baburin, ta shafa fuskata, ta tsaya. Na kashe injin. Abin da ta ce kawai shi ne, "Ashe kai na." Ta juya ta koma ciki tana bin bango.

Ta faɗa, Yaya. Sunanka yana da daɗi a bakinta, tana jan ƙarshensa kaɗan. Ni na ji, da Kawu, da mutanen da ba su da haƙƙin ji. Kai da ka roƙa ba ka nan.

Tun ranar ba ta sake shimfiɗa tabarma a bakin ƙofa ba. Na durƙusa na ba ta haƙuri, ta ce ba ni da laifi, kuma wannan ya fi zagi ciwo. Shekaranjiya ta aika a kira Kawu, ta ce ya tara malamai ranar Juma'a a yi sadakar. Yanzu sunanka ba ya yi mata nauyi. Jiya na ji ta faɗe shi tana tsince gero, a hankali, ta bi shi da addu'ar da ake yi wa waɗanda suka riga mu. Shekara huɗu ita kaɗai ta hana a binne ka, ni da na ce zan tsare maka wurinka ni na karya ta da rana tsaka.

Baburin yana jikin rumbu, na rufe shi da buhu. Yana tashi a taku ɗaya yanzu, amma ba ni da zuciyar da zan sake taka shi. Ina fushi da kai, ina kewarka, kuma na gaji da yin duka biyun.

In kana da rai, ɗan'uwana, ba ma son zinariya. Ka ari wayar kowa ka kira kafin Juma'a, ko numfashinka kawai ta ji. In kuwa ƙasa ta riga ta rufe ka, Allah ya jiƙanka, ya haskaka makwancinka, ya sa wani ya yi maka salla kafin a sa ka. Allah ya sanyaya zuciyar Inna, ya yafe mini abin da na yi mata.

Ni ne ƙaninka,
mai allura.