Gobe Ma Yana Gida

Daren Laraba, Yindiski

Yau aka sallamo Baban Ladi daga asibiti. Hannunsa na dama da ƙafa sun shanye, likita ya ce hawan jini ne da rashin hutu. Shekara da shekaru yana bin kasuwannin ƙauye sayen wake, ko ranar Juma'a ba ya zama. In na ce ya huta, sai ya ce, "Bari kaka ta wuce, Hajara."

Ɗazu Ladi ta kwanta a jikinsa tana ta murna, ta ce, "Baba, gobe ma kana gida?" Ya so ya amsa mata, bakin ya ƙi, sai ya gyaɗa kai. Kicin na shige na yi kukana, don kada ta gani.