Hararar malamin waƙa

Daren Laraba, Al Khabaisi

Ƙafafuna ciwo suke, amma raina fes. Tsohon Ba'indiyen nan da nake jinya a asibiti, tun da ɓarin jikinsa ya shanye bai ce uffan ba. Yau 'yarsa ta gaya mini malamin dhrupad ne, wata daɗaɗɗiyar waƙarsu da ake jan murya a hankali. Ta kunna masa a waya. Can sai na ji yana bi, muryar na rawa amma bai saki ba. 'Yar ta fashe da kuka.

Na ce, "Sannu Baba, maza, ƙara!"

Ya harare ni, ya ɗaga yatsa wai in yi shiru, bai gama ba. Wallahi ban taɓa jin daɗin harara irin ta yau ba.