Goyon Rabi da Gadon Ƙarfe

Zuwa ga Babban Likita mai kula da asibitin yankinmu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da ma'aikatanka.

Ranka ya daɗe, ni manomi ne daga Mabai ta ƙasar Ƙanƙara. Bokona na ajin yaƙi da jahilci ne, sai a yi haƙuri da rubutuna. A garinmu an san ni da yawan tambaya, har abokan wasana ke cewa ko tuwo aka ajiye mini sai na tambayi gonar da aka nomo dawar. Yau ma tambayoyin ne suka kawo ni, amma ba na wasa ba ne.

'Yata Rabi, mai shekara shida, tana ɗakin yara na asibitinku tun bayan girbin gero. Likita ya ce zuciyarta ta kumbura, ruwa na taruwa a ƙirjinta, kuma ba ciwon warkewa ba ne. Mun ji, mun yi kuka, mun bar wa Allah. Abin da ya rage mana shi ne ta yi sauran kwanakinta cikin sauƙi.

Da an kwantar da ita sai numfashi ya sarƙe, ta riƙa haki tana zare ido. An tara mata matasan kai, sai ta zame. Wata nas mai suna Malama Ladi, Kirista 'yar Maguzawan wajen Damari, ita ta ce wa mai ɗakina ta ɗauko zani ta goya ta. Muka ce yarinya ta wuce goyo. Ta ce ciwo ya mayar da ita ba nauyi, a gwada dai. Wallahi ba a gama ɗaura majanyi ba Rabi ta kifa kai ta yi barci. Na tambayi dalili, Malama Ladi ta ce in yarinya tana miƙe ruwan na sauka ƙasa, huhu ya sami wuri.

Ranar Talatar da ta wuce babbar Sista ta zo zagaye, ta tarar da gado ba kowa. Ta ce doka ita ce majinyaci ya zauna a gadonsa, wanda ba ya so a sallame shi. Aka cire Malama Ladi daga ɗakin yara, aka mayar da ita wurin yankan kati. Ga tambayoyina:

Na ɗaya. Wane ne ya rubuta dokar nan, kuma ya taɓa ganin yaro mai irin wannan ciwo? Ba gatse nake ba, so nake in sani. In akwai cutar da goyo ke yi mata, a faɗa mini, zan yarda.

Na biyu. Mun ga arzikin man fetur da idonmu. Da a tabarma ake jinya, yanzu ga gadajen ƙarfe sababbi fil, ga fanka tana juyawa. Mun gode wa gwamnati. To amma in an zo zagaye, me ake dubawa? Na lura ana shafa zanin gado a ga ko ya miƙe, ban ga an kara kunne a ƙirjin mai gadon ba. Rabi, wadda ta gado ni wajen tambaya, ta ce in tambayo mata ko gadon ne aka kawo jinya.

Na uku. In mun koma gida, wa zai yi mata allurar da ke rage ruwan? Daga Mabai zuwa nan sai ranar kasuwa ake samun mota. An sa mu zaɓi tsakanin allura da goyo, alhali duka biyun numfashinta ne. Wannan abu ya ƙona mini rai ƙwarai.

Na huɗu. Mene ne laifin Malama Ladi? Ita ta koya mana jiƙa auduga mu shafa wa yarinya a leɓe in ta kasa haɗiyar ruwa. Ita ta zaunar da mu ta faɗa mana gaskiya ba tare da ta firgita mu ba. Mai irin wannan hannun ake ba yankan kati?

Roƙona biyu ne. A mayar da Malama Ladi ɗakin yara. A kuma bar iyayen yaran da likita ya ce ba za su tashi ba su riƙe 'ya'yansu yadda suka fi samun sauƙi.

Mai ɗakina na da tsohon ciki, bayanta ya gaza. Ni nake goyon yanzu, a ɓoye bayan ɗakin wanki, kamar wanda ya yi sata. Masu jinya na yi mini dariya, wai ga namiji da majanyi. Su yi. Ni dai ina jin bugun zuciyarta a bayana, kuma kullum yana ƙara rauni.

In ka sami hali ka zo da kanka. Ka saurari numfashinta a kan gado, ka kuma saurare shi a bayana, duk abin da ka yanke na karɓa. Sai dai don Allah kada a ce mu jira zaman kwamiti, domin ban san ko za ta kai Juma'a biyu ba.

Allah ya yi maka jagora, ya raya maka zuriya, kada ya nuna maka irin wannan rana a kan naka.

Wassalam.

Naka,
Baban Rabi, Mabai