Shekaru Huɗun da Ba Su Cikin Tarihinsa

Yalwawa, Dutse

Zuwa ga Honarabul Mujahid Talukdar,

Assalamu alaikum, ranka ya daɗe. Ina fata kana lafiya, ya aikin majalisa?

Sunana Mashkura Zuhair, shekaruna sha shida. Sau biyar ina rubuta wasiƙar nan ina gogewa. A shafin majalisar jiharku ta Amurka na samu adireshinka. Na karanta tarihinka har na kusa haddacewa: an haife ka a Bangladesh, ka shiga Amurka da akwati ɗaya, ka tuƙa tasi, ka ci zaɓe sau huɗu, bana za ka sauka. Amma ban ga Ringim ba. Ban ga shekaru huɗun da ka koyar da lissafi a can ba, lokacin da kake auren Ikilima. Ita ce kakata, Dada muke ce mata.

A makaranta Ba'indiya ake kirana saboda gashina, don haka na fi zama a lungu da littattafan soyayyata. A cikinsu wanda ya tafi yakan dawo. Ni ban ce ka dawo ba. Kawai ranar jawabin bankwananka ka ambace mu, ko sau ɗaya.

Ka huta lafiya,
Mashkura

*

Zuwa ga Mashkura,

Wa alaikumus salam. Hausata ta yi tsatsa, ki yi haƙuri da ita.

Duk abin da kika rubuta gaskiya ne. Kwantiragina ya ƙare, na ce wa Ikilima zan aiko musu, ban aiko ba. Da na tsaya takara aka ce mini masu zaɓe gajeren labari suke so. Na cire Ringim. Bayan nan kunya ta hana ni mayar da ita. Matata ta nan ta rasu ba ta sani ba, 'ya'yana biyu ma ba su sani ba. Ni kaɗai nake a gida yanzu.

A yarenmu uban uba ake kira Dada. Da na ga kalmar a wasiƙarki sai na ɗauka da ni kike.

Ina ɗana Zuhair? Yana tatata na bar shi. Ikilima tana maganata?

Na gode,
Mujahid Talukdar

*

Ranka ya daɗe,

Sallama da gaisuwa. Ka gafarce ni, wata guda ban amsa ba. Na rasa yadda zan faɗa ne.

Abba ya rasu bara waccan, ciwon ƙoda. Malamin lissafi ne shi ma, a Miga. Bai taɓa ambaton sunanka ba, amma a jakarsa na tsinci hotonka da ya buga daga shafin majalisar, ya ninke huɗu.

Dada kuwa, da zan faɗa mata na zata za ta yi kuka. Na ma tanadi hankici. Tana tankaɗe ta ce, "Wa? Malam Bangali mai kifi da shinkafa kullum? Ashe yana raye. To a gaishe shi." Na ce, "Dada, shi ke nan?" Ta ce, "Ke, 'ya'ya shida na haifa wa Alhaji Sadisu, yaushe na samu lokacin jira? Miƙo min faifan nan."

Ashe a gidan nan ni kaɗai nake jiran ka. Ba zan iya ce maka Dada ba, sunanta ne. Idan jawabin zai ɓata tsakaninka da 'ya'yanka, ka bar shi. Amma ban janye roƙona ba.

Taka,
Mashkura

*

Jikata,

Allah ya jiƙan Zuhair. Da na karanta wasiƙarki, kwana uku na yi ban fita ba.

Jiya na yi jawabin. Na ce Ringim, na ce Ikilima, na ce ina da ɗa ya rasu ban san muryarsa ba, na ce ina da jika Mashkura. Ranar ƙarshe ce ta zama, yawancin 'yan majalisa sun tafi, mutum sha ɗaya na ƙirga. Babu wanda ya tafa. 'Yata ta tashi ta fita, har yanzu ba ta ɗauki wayata ba.

Da aka watse magatakarda ya biyo ni ya tambayi yadda ake rubuta sunanki. Na faɗa masa harafi-harafi. Yanzu yana cikin kundin majalisa, ba mai cire shi.

Ki rubuto mini, ko layi biyu.

Kakanki