Gyaɗarmu Daga Kangire

Talata da dare, tsakiyar kaka.

Motar 'yan awon gyaɗa ba ta zo ba, sai ni da ƙanena Hamisu muka ɗauki rabin buhu kowannenmu, daga Kangire zuwa Birnin Kudu a ƙasa. Sau huɗu ina sauke nawa, wuyana kamar zai karye. Shi ko gammo bai gyara ba. Ya kai nasa, ya dawo ya karɓi nawa.

Da muka iso gida Baba ya dafa shi ya ce, "Allah ya yi maka albarka, namijin duniya." Ni kuwa, "Sannu, Idi," kawai.

Hamisu fa, yaron da a da nake saɓawa a kafaɗa in yana kuka! Na yi masa godiya, amma wallahi da ma ya bar ni da kayana.